Kada ku bari lambar gida ta mutu

Da yawa cikinmu da sun wuce Assamaka da In Guezzam, sai su cire layin gida, su sa na Mobilis, Djezzy ko Ooredoo saboda arhar data. Ba laifi. Amma 'yan uwa a Zinder, Kance ko Kano tsohuwar lambar suka sani. In layi ya yi watanni ba a sa masa kuɗi ba, kamfani yakan rufe shi, ya ba wani lambar.

Mai waya mai ɗaukar layi biyu ya bar na gida a ciki, ya kashe masa data, don a nan Tamanrasset cinye kuɗi take yi nan take. Ku roƙi wani a gida ya riƙa sa masa kati, ko ƙanƙani ne.

WhatsApp zai ci gaba da aiki da lambar gida ko da datar Aljeriya ce. Sai dai ranar da kuka sake waya, zai tura lambobi 6 zuwa layin gida. In layin yana hannun baƙo, shi zai same su. Kada ku karanta wa kowa lambobin nan, ko ya ce daga ofishinmu yake.