Sauko da Sandar Giya Daga Wuyan Sitiyari Zuwa Ƙasa: Aikin Masu Tsofaffin Motocin Amurka

Duk wanda ya taɓa shiga Peugeot 404 ya ga direba yana canja giya da wata sanda da ke manne a wuyan sitiyari, yana ɗaga ta sama yana sauke ta ƙasa. Yawancin motocin yanzu kuwa sandarsu a ƙasa take, tsakanin direba da na kusa da shi. To, a ƙasar Amurka akwai masu tsofaffin motoci waɗanda ke kashe kuɗi mai yawa don su sauko da sandar nan daga sama zuwa ƙasa. Mun ga ya kamata mu bayyana wa masu karatu yadda aikin yake, domin a ido ƙaramin aiki ne, amma ran mutum da dukiyarsa suna rataye da shi.

Asalin maganar

Motocin farko sandarsu a ƙasa take. A shekarar 1938 ne kamfanin General Motors ya fara sa ta a wuyan sitiyari cikin motocinsa irin su Pontiac da Cadillac, kafin 'yan shekaru kaɗan sauran kamfanonin Amurka suka bi sahu. Dalilin kuwa shi ne kujerar gaba doguwa ce kamar benci, in aka kawar da sanda daga tsakiya mutum uku sai su zauna a wadace.

Amma dabarar tana da aibi. Daga hannun direba zuwa akwatin giya akwai tafiya mai nisa ta cikin bututu da 'yan sandunan ƙarfe da gaɓoɓi masu yawa. Kowace gaɓa ta ci, sai ta ƙara sako-sako, har ya zama direba yana lalube kafin giya ta shiga, wani lokaci ma ta cije masa a tsakiyar hanya. Sandar ƙasa kuwa a jikin akwatin giya take zaune, tafiyarta gajeriya ce.

Da aka shiga shekarun 1960 sai samarin Amurka suka kamu da son gudu. Kamfanoni suka fara sa babban inji mai fulogi takwas cikin matsakaiciyar mota, aka sa wa irin waɗannan suna motoci masu ƙwanji. Wadda aka fi ambata a matsayin ta fari ita ce Pontiac GTO ta 1964, mai inji lita 6.4, wadda ta fito da sandar ƙasa ƙirar kamfanin Hurst na jihar Pennsylvania. Daga baya aka sami Plymouth Road Runner a 1968, da Chevrolet Chevelle SS 454 a 1970, wadda mafi ƙarfinta ke da ƙarfin doki 450. Zamanin bai daɗe ba. Dokar tsabtace iska ta 1970, da tsadar inshora, da ƙarancin man fetur na 1973 suka taru suka kashe kasuwarsu. Waɗanda suka rage yanzu sun zama kayan tarihi masu tsada.

Sai dai ba dukansu ne suka fito da sandar ƙasa ba. Da yawa magidanta ne suka saye su, suka zaɓi doguwar kujera da giya mai canja kanta, sanda kuwa a wuyan sitiyari. Irin waɗannan ne masu su a yau ke sha'awar juyawa.

Aikin iri uku ne

Na farko shi ne mafi sauƙi. Mota mai giya uku ta hannu, sai a bar akwatin giyarta yadda yake, a cire sandunan da suka zo daga sitiyari, a ɗaura sabuwar sanda a gefen akwatin da 'yan sanduna biyu: ɗaya ta giya ta ɗaya da ribas, ɗaya ta giya ta biyu da ta uku.

Na biyu, mota mai giya mai canja kanta, a mayar da sandarta ƙasa. Nan ma akwatin ba ya canjawa, ana haɗa shi da sabuwar sanda ta hanyar waya mai kauri ko ƙarfe guda.

Na uku shi ne babba, watau a fitar da giya mai canja kanta ɗungum, a sa giya huɗu ta hannu, kamar akwatin Muncie da General Motors ya fara ƙerawa a jihar Indiana a 1963. Wannan yana bukatar kuloci da fedarsa, da filawil, da ƙoƙon da ke rufe su. Sau da yawa sai an canja ƙarfen da ke tallafe da akwatin, da tsawon farfela, da ɗan haƙorin da ke juya wayar maleji, in ba haka ba maleji ya riƙa faɗin ƙarya. Har wa yau akwai ɗan bushin da ake sawa a gindin karanshaf, inda bakin akwatin giya ke shiga, waɗansu injunan kuwa da aka yi don giya mai canja kanta ba a huda musu gurbinsa sosai ba. Wanda bai duba wannan tun farko ba, sai ya sauke akwatin bayan ya gama ɗaura shi.

Huda ƙasan mota

Kafin a taɓa kome sai a cire kan batir, a ɗora motar bisa ƙafafun ƙarfe masu ƙarfi. Kada kowa ya kwanta ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. Sa'an nan a fitar da kujera da kafet, a duba inda wayoyin wuta da bututun mai da na birki suka bi.

Gwanayen aikin ba sa fara yanka daga sama. Sukan ɗaura gindin sandar a jikin akwatin tukuna, su huda ɗan ƙaramin rami daga ƙasa daidai inda za ta ɓullo, sa'an nan su riƙa faɗaɗa shi kaɗan kaɗan. Ƙarfen da aka yanke ba ya komawa sai da walda, walda kuwa ba ta ɓoyuwa ga mai ido. A kula kuma, motocin Plymouth da Dodge na lokacin ba su da sasi dabam, jikin motar shi ne ƙashinta, saboda haka yanka mai faɗi yana rage mata ƙarfi in ba a mayar da ƙarfe a gurbinsa ba.

Bayan an huda sai a shafe bakin ramin da fenti don tsatsa, a rufe shi da rigar roba wadda ta kama ko'ina. Wannan ba ado ba ne. Salansa na bi ta ƙarƙashin wurin, hayaƙinta kuwa yana ɗauke da iska mai guba marar wari, wadda kan sa direba barci yana tuƙi. In za a bar doguwar kujera, sai a nemi sanda mai lanƙwasa, don kada ta bugi kujera sa'ad da aka ja ta baya.

Saitin sandar ta hannu kuwa ga yadda ake yinsa. A sa akwatin a firi, a zura ɗan ƙarfe mai kaurin rubu'in inci cikin ramin da ke gindin sandar don ya riƙe hannuwanta a jere, sa'an nan a daidaita tsawon kowace 'yar sanda har ta shiga gurbinta ba da tilas ba. In an yi wannan da gaggawa, giya biyu na iya shiga tare, akwatin ya cije.

Abin da ake mantawa

Ga inda muke so masu karatu su fi mai da hankali. Tsohuwar sandar ba canja giya kaɗai take yi ba. A motocin da ke da giya mai canja kanta akwai wani makunni wanda ke hana inji tashi sai sanda na kan fakin ko firi. A yawancin motocin General Motors na lokacin, makunnin nan a wuyan sitiyari yake, motsin sandar ne ke sarrafa shi. Ranar da aka sauko da sanda ƙasa, makunnin ya daina sanin inda giya take. Mai ganganci sai ya haɗe wayoyin biyu kawai don mota ta tashi. Daga ran nan motar za ta tashi ko tana cikin giya, injin irin wannan kuwa in ya zabura, yaron da ke tsaye gaban mota ba shi da lokacin kaucewa. Wajibi ne a sa sabon makunni a jikin sabuwar sandar, a ja wayoyin zuwa can, a gwada kowace giya ƙafa tana kan birki. Fitilar ribas ma daga nan take samun wuta, ita ma sai an mayar da ita.

Akwai kuma maganar makulli. Tun daga 1969 General Motors ya mayar da makullin motocinsa wuyan sitiyari, yadda in an zare shi sitiyari zai kulle saboda ɓarayi. Don kada ya kulle mota tana tafiya, ko motocin da suka fito da sandar ƙasa an bar musu wani ƙarfe da ke komawa wuyan sitiyari, wanda ke hana makulli kaiwa wurin kullewa sai giya na kan fakin, ko kan ribas in ta hannu ce. Wanda ya jefar da ƙarfen nan ya ɗaure wuyan da waya, ya buɗe ƙofar da sitiyari zai iya kulle masa yana cikin gudu. Garin neman gira ke nan a rasa ido.

Shi kansa wuyan sitiyarin, tun daga 1967 General Motors ke yinsa yadda zai lotse in an yi karo, don kada ya soki ƙirjin direba. Saboda haka ba a dukansa da guduma, ba a yi masa walda. In ana son a kawar da kututturen tsohuwar sandar, gara a nemo wuyan da aka yi don mota mai sandar ƙasa.

Maganar dukiya da amana

Akawuna sun fi kowa sanin darajar takarda. Kowace motar nan ta bar masana'anta da ɗan allon ƙarfe da takardar da ke nuna yadda aka haɗa ta, injinta da akwatin giyarta kuma sau da yawa suna ɗauke da lambar da ta dace da ta motar. Masu saye a yau suna bin lambobin nan ɗaya bayan ɗaya, motar da ta zauna yadda aka ƙera ta kuwa ita ta fi kuɗi. Don haka mai mota wadda irinta ba ta da yawa ya yi tunani sosai kafin ya huda ta. Wadda aka riga aka canja mata inji ko ta sha gyara, hasarar huda ta kaɗan ce.

Shawararmu ga wanda ya ƙudura yin aikin ita ce ya adana duk abin da ya cire, har ɗan ƙarfen da ya yanke, ya ɗauki hoton kowane mataki, ya rubuta abin da ya yi. Ranar da zai sayar kuma ya faɗi gaskiya, cewa motar da sandar sama ta fito, shi ne ya sauko da ita. Mai saye ya san abin da ya biya wa kuɗi, makaniken da zai taɓa ta nan gaba kuma ya san inda wayoyi suka bi. Allah ya kiyaye mu da haɗarin hanya, amin.