Jikinka Na Bana Ba Shi Ne Na Bara Ba

Idan tsohon aboki ya gan ka bayan an jima ba a haɗu ba, ya ce "kana nan yadda na san ka", ka amsa masa da fara'a, amma zancen nasa da gyara. Jinin da ke yawo a jikinka ranar da kuka rabu ya daɗe da ƙarewa. Jajayen ƙwayoyin jini kwana 120 suke yi, daga nan saifa da hanta su tsince tsofaffin su rushe su, a adana ƙarfen da ke cikinsu don ƙera wasu. Ɓargon da ke cikin ƙashin ƙugu, ƙirji da haƙarƙari shi ne maƙerar, kuma a kowace daƙiƙa yana fitar da sababbi kusan miliyan 2, kana barci ko kana farke.

A nan ne za a gane wahalar mai sikila. Nasa ƙwayoyin kwana 10 zuwa 20 kawai suke yi su mutu. Ɓargo na iya ƙoƙarinsa amma ba ya cike giɓin, shi ya sa jininsa ke yawan yin ƙasa, idanunsa su yi rawaya.

Ciki kuwa al'amarinsa ya fi ban mamaki. Ruwan da yake narkar da tsire da kilishi, me ya hana shi narkar da tumbin kansa, alhali shi ma nama ne? Akwai wani yauƙi mai kauri da ke lulluɓe bangon, sannan fatar cikin tana sabuntawa cikin 'yan kwanaki. Idan kariyar ta samu matsala sai gyambon ciki, wato olsa. Mu a nan yunwa da yaji muke ɗora wa laifi. Likitocin duniya ma sun daɗe suna zargin damuwa da abinci. Wani likitan Ostareliya, Barry Marshall, da abokin aikinsa Robin Warren suka ce ƙwayar cuta ce mai suna Helicobacter pylori. Aka ƙi yarda da su. A 1984 Marshall ya kwankwaɗi ruwa mai ɗauke da ƙwayar, cikin kwanaki ya fara amai, aka duba aka ga tumbinsa ya kumbura. Wauta ko jarumta, a 2005 dai su biyun suka karɓi kyautar Nobel. Yaji na iya tsananta zafin, amma wannan ƙwaya da yawan shan magungunan kashe zogi irin su ibuprofen su ne manyan masu laifi.

Hanta ma idan an yanke fiye da rabinta tana sake tofowa.

Sai dai ba kowane sashe aka yi wa wannan gatan ba. Farin ɓawon haƙori ya fi komai tauri a jiki, har ƙashi, amma babu ƙwaya mai rai a cikinsa. Wanda ya ɓantare shi garin buɗe kwalbar lemo, haka zai zauna da giɓinsa, sai dai likitan haƙori ya yi masa ciko.