Amfanin Kayan Gyaran da Ke Zuwa Tare da Sabon Babur

1.0 Gabatarwa

Babur, ko mashin kamar yadda wasu ke kiran sa, shi ne abin hawan ƙaramin ma'aikaci a ƙasar Hausa. Malamin da aka tura makarantar ƙauye yakan dogara da shi a kan hanyar da babu kwalta, babu kuma bakanike a kusa. Akasarin sababbin babura, na Honda ne ko Yamaha na Japan, ko Jincheng na Sin, ko Bajaj na Indiya, sukan zo da 'yar jakar kayan gyara da ake ɓoyewa a ƙarƙashin sirdi ko a bayan murfin gefe. Da yawa daga masu babura ba su taɓa buɗe ta ba. Wannan muƙala za ta bayyana abin da jakar ta ƙunsa, da amfaninsa, da kuma inda amfanin ya tsaya.

2.0 Abin da Jakar ta Ƙunsa

Kayan sun bambanta daga kamfani zuwa kamfani, amma galibi akan sami sifanar fulogi da ɗan sandan juya ta, da sifanu biyu ko uku masu baki biyu, da sukudireba mai baki biyu, da filaya. Lambobin da ke jikin sifana, kamar 8 da 10 da 12 da 14 da 17, faɗin kan noti ne a ma'aunin milimita. Duk waɗannan sunaye aro ne daga Ingilishi, waɗanda Hausa ta saka wa wasula domin su dace da tsarin gaɓarta.

3.0 Amfanin Kayan

Na farko shi ne kula da fulogi, wanda ke ba da tartsatsin da ke kunna mai a cikin inji. Idan bakinsa ya yi baƙi da hayaƙi, ko ya jiƙe da mai, babur yakan ƙi tashi. Da sifanar fulogi, mai babur zai kwance shi, ya goge, ya mayar cikin 'yan mintuna, maimakon ya tura babur tafiya mai nisa.

Na biyu shi ne ɗaure notuna. Girgizar hanyar birji takan sassauta notunan madubi da salansa da matakin ƙafa. Notin da aka ɗaure da wuri ba ya faɗuwa a hanya.

Na uku shi ne daidaita sarƙa. A yawancin ƙananan babura ana son sarƙa ta yi wasan santimita 2 zuwa 3 a tsakiyarta. In ta yi sako-sako tana iya zamewa, wani lokaci har ta sarƙe tayar baya ta kayar da mahayi. In kuma ta yi tsauri, sai ta cinye haƙoran da take hawa. Haka nan, da sifana da filaya ake daidaita birki da wayar kuloci.

Na huɗu, kayan an zaɓo su ne daidai da notunan wannan babur. Sifanar da ta yi wa noti yawa takan murje kusurwoyinsa har ya gagara kwancewa. Baburan Japan ma suna da sukurorin da bakinsu ke bin ma'aunin ƙasar da ake kira JIS, waɗanda sukudireban kasuwa kan lalata wa kai.

4.0 Iyakar Amfaninsu

Ba a yi waɗannan kaya domin buɗe inji ba. Ƙarfensu bai kai na kayan bakanike ƙwari ba, kuma gajarta ta hana su kwance notin da ya ciza ƙwarai. Sannan galibi babu famfo ko kayan faci a cikinsu, alhali fashewar taya na cikin matsalolin da matafiyi ya fi gamuwa da su. Don haka ya kamata mai doguwar tafiya ya ƙara da famfo da kayan faci da liba da sabon fulogi. Wajibi ne kuma a bar inji ya huce kafin a taɓa fulogi, a kuma fara mayar da shi da hannu kafin a sa sifana, domin kada zaren ramin ya lalace.

5.0 Kammalawa

An ga cewa aikin wannan jaka shi ne kula da babur yau da kullum, da ƙaramin gyaran da zai kai mahayi wurin aikinsa ko wurin bakanike. Ya dace mai saye ya tabbatar an ba shi ita cikakkiya, ya kuma gwada kowane ƙarfe a gida kafin ranar buƙata. Ga malami, rashin sifana ɗaya na iya zama asarar darasin yini guda ga aji guda. Hausawa dai sun ce, guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.