Sankarar Bakin Mahaifa da Matan da ke Ɗauke da Ƙwayar HIV a Arewacin Zamfara



Sankarar bakin mahaifa na cikin cututtukan dajin da suka fi hallaka mata a Nijeriya, domin a shekarar 2020 an ƙiyasta mata kimanin 12,000 sun kamu, kuma kimanin 8,000 sun rasu. Mafarinta wata ƙwayar cuta ce mai suna HPV, wadda ake ɗauka ta hanyar saduwa, har a cikin aure. A jikin yawancin mata garkuwar jiki kan kawar da ita ba tare da an sani ba. Amma in ta zauna, sai ta riƙa ɓata fatar bakin mahaifa sannu a hankali, har ta zama daji bayan shekara 15 zuwa 20.

To, ƙwayar HIV aikinta ke nan raunana garkuwar jiki. Saboda haka macen da ke ɗauke da ita haɗarinta ya ninka na sauran mata har sau shida, kuma ciwon kan iya bayyana cikin shekara 5 zuwa 10 kacal.

A watan Oktoba na 2023 Nijeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 allurar rigakafin HPV kyauta, Jihar Zamfara kuwa ta shiga a zagaye na biyu, a watan Mayu na 2024. Shelar da ta kai kunnen jama'a ita ce allura ɗaya ta wadatar. Wannan gaskiya ce, amma akwai togaciya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2022 cewa yarinyar da ke ɗauke da HIV a yi mata allura biyu aƙalla, uku in da hali. Kazalika allurar ba ta warkar da wadda ƙwayar ta riga ta kama, watau matan aure sai dai gwaji. Shawarar hukumar ta 2021 ita ce a fara gwada mai HIV tun tana shekara 25, a maimaita duk shekara 3 zuwa 5, alhali sauran mata sai sun kai 30.

Mu duba yadda wannan zai yiwu a Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi. Da farko, 'yan bindiga sun tarwatsa ƙauyuka da yawa, hanyoyi kuma ba su da aminci, ga 'yan mata da dama ba sa makaranta. Na biyu, wace uwa ce za ta tsaya a gaban maƙwabta ta nemi allura ta biyu, alhali nemanta tona asirin 'yarta ne? Na uku, in ciwon ya yi nisa sai an dangana da Sakkwato ko Zariya neman gashi, tafiyar da ta fi ƙarfin talaka.

A ganina mafita ita ce a haɗa ayyukan a ɗaki guda. Inda mace ke karɓar maganin HIV, nan ya kamata a yi wa 'yarta ƙarin allura, nan kuma a gwada ta, in an ga tabo a ƙone shi a ranar. Tafiya ɗaya, asiri a rufe. Har wa yau wajibi ne a gyara lafazin shela, a ce allura ɗaya ta ishi yawancin yara, wasu kuwa likita kan ƙara musu, ba tare da an ambaci dalili a bainar jama'a ba. Mu kuma tuna da 2003, lokacin da jita-jita ta tsayar da rigakafin shan inna a Kano da Zamfara. Sarakuna da malamai a sa su tun daga farko.

Daga ƙarshe ina kira ga ma'aikata su sa wannan cikin kasafin ƙananan hukumominsu, ɗalibai kuma su kai bayanin gida. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Allah ya ba mu lafiya.