Yadda Tsuntsaye Suke Koyon Neman Abinci: Darasi ga Mai Kiwon Ikkilisiya

A Matiyu 6:26 Ubangiji Yesu ya ce wa almajiransa su dubi tsuntsaye, ya tuna musu cewa Uba na sama ne yake ciyar da su. Kusan kowane fasto ya taɓa yin wa'azi a kan wannan aya, amma wasu masu bi sukan ɗauka cewa abinci yana iske tsuntsu har cikin sheƙarsa. Tun da an ce mu duba, bari mu duba da kyau. Masu binciken halitta sun gano cewa tsuntsaye sukan ƙago sabuwar dabarar samun abinci, sauran kuma su koya daga gare su.

Kwalaben madara a Ingila

A da, a ƙasar Ingila, masu sayar da madara sukan ajiye kwalabe a ƙofar gidaje da asuba. A shekarar 1921, a Swaythling kusa da birnin Sawsamton, aka ba da labarin wata 'yar tsuntsuwa da Turawa ke kira tit, wadda ba ta kai gwara girma ba, tana huda marfin kwalba tana shan maiƙon da ya taso a saman madarar. Kafin 1949, lokacin da James Fisher da Robert Hinde suka wallafa bincikensu, wannan hali ya bazu a sassa da yawa na Birtaniya. Irin wannan tsuntsuwa ba ta cika yin nisa da inda aka ƙyanƙyashe ta ba, don haka masanan suka ga alamar cewa an ƙago dabarar a wurare dabam-dabam, sa'an nan ta yaɗu daga kowane wuri.

A 1984 David Sherry da Bennett Galef suka gwada dangin wannan tsuntsuwa a Kanada. Suka tarar ba dole sai tsuntsu ya ga wani yana huda marfi ba. Idan ya iske mazubin da wani ya riga ya buɗe, ya ci daga ciki, yakan koyi buɗewa da kansa.

Gwajin dajin Wytham

A 2015 Lucy Aplin da abokan aikinta a Jami'ar Oksfod suka wallafa sakamakon wani gwaji. Sun ƙera akwati mai tsutsotsi a ciki, da ƙofar da ake turawa hagu ko dama, kowanne kuwa yana buɗewa. Daga wasu rukunonin tsuntsayen dajin suka kama biyu-biyu, suka koya musu tura ƙofar ta gefe ɗaya kawai, suka sake su. Cikin kwana 20, wajen kashi 75 cikin ɗari na tsuntsayen waɗannan rukunoni sun iya buɗe akwatin, mafi yawansu kuma ta gefen da biyun nan suka koya. Yawancin waɗanda suka ƙaura zuwa rukuni mai wata dabara sun bar tasu, sun bi ta masu gida. Da aka mayar da akwatunan a shekarar da ta biyo, fiye da rabin tsuntsayen farko ba sa nan, duk da haka al'adar ta tsaya.

An ga irin wannan a birnin Sidni na Ostireliya, inda wani farin aku mai rawayan tukku ya koyi ɗaga marfin mazubin shara. Kafin 2018 a unguwanni 3 kaɗai aka san halin. A ƙarshen 2019 ya kai unguwanni 44, ya kuma fi saurin shiga unguwannin da suke maƙwabtaka.

Abin da ya shafi hidimarmu

Na farko, tanadin Allah yakan bi ta hanya. Shi ne ya halicci maiƙo da tsutsa, shi ne kuma ya ba tsuntsu basirar gwada abin da iyayensa ba su taɓa yi ba. Abin da Yesu ya hana shi ne damuwa. Tsuntsu kam da asuba yake fita kiwo. Idan mai bi ya rasa gona ko aiki, muka karanta masa wannan aya, sai mu haɗa da taimaka masa ya koyi sana'a ko noman rani a wurin ɗan'uwan da ya iya. Ta haka Allah ya saba ciyar da mutanensa.

Na biyu, mutum biyu sun isa su kafa al'ada. Manzo Bulus ya ba Timoti irin wannan tsari a 2 Timoti 2:2, wato ya danƙa koyarwa a hannun amintattu waɗanda za su koya wa wasu. Dattawa biyu da shugabar zumuntar mata da aka almajirantar da kyau za su kai koyarwa inda wa'azin Lahadi ba ya kaiwa. Wani kuma zai koya ta wurin iske ƙofar da muka bari a buɗe, ko da bai taɓa zama a ajinmu ba.

Na uku, akwai gargaɗi. Tsuntsayen Wytham sun bi gefen da yawanci suke bi, alhali ɗayan gefen ma yana ba da abinci. Sabon tuba yakan kwaikwayi abin da ya tarar jama'a suna yi, mai kyau ko marar kyau, al'adar kuma takan daɗe bayan waɗanda suka fara ta sun shuɗe. Tsuntsu ba ya iya tambayar dalili. Mu da aka halitta cikin kamannin Allah muna iyawa, wajibi ne kuwa mu auna kowace al'adar ikkilisiya da Maganar Allah.

Tambayoyi don tattaunawa

1. Wace al'ada ce a ikkilisiyarku wadda babu mai tuna wanda ya fara ta? Tana da tushe a Littafi Mai Tsarki?
2. Su wane ne mutum biyun da jama'arku suka fi kwaikwayo, kuma wa yake koyar da su?
3. Yaya za ka yi wa'azin Matiyu 6:26 ga manomin da damina ta ƙi masa?