Abin Da Ya Sa Waya Ke Nuna Shagon Wani Ta Ɓoye Na Wani A Karu

Duk wanda ya bi hanyar Abuja zuwa Keffi, ya gangara Kugbo ya doshi Karu da Nyanya, zai ga kujeru da gadaje jere a kasuwar kafintoci. A da, mai saye da ƙafarsa yake takowa. Yanzu kuwa ma'aikata da yawa na Garki da Wuse sai sun tambayi wayarsu tukuna, shagon da Google ya nuna musu nan za su nufa. Wanda bai fito ba, ko aikinsa ya fi na kowa kyau, ciniki ya wuce shi.

To, yaya wannan na'urar bincike ke zaɓe? Ayyuka uku take yi. Na farko, tana da manhaja mai yawo dare da rana a intanet, tana bin mahaɗi daga wannan shafi zuwa wancan tana karantawa. Na biyu, ta adana abin da ta karanta cikin wani ƙaton kundi, kowace kalma da inda aka same ta. Na uku, idan mutum ya rubuta tambaya, kundin nan take dubawa, ta jero amsoshi. Watau shafin da ba ta taɓa karantawa ba, a wurinta babu shi.

Wajen jerawar nan ne Larry Page da Sergey Brin, ɗaliban Jami'ar Stanford ta Amurka, suka yi fice har suka kafa Google a 1998. Dabararsu ita ce shafin da shafuka masu daraja suka yi nuni gare shi ya hau sama, kamar dai yadda shaidar dattijo ta fi ta baƙo nauyi a kasuwa. Daga baya an ƙara waɗansu ma'aunai, kamar saurin buɗewar shafi da kyan karantuwarsa a waya. A kan taswira kuwa, ana duba dacewar sana'ar da abin da aka nema, da kusancinta da mai nema, da kuma sanuwarta.

A nan ne mutanen Karu ke da tasu matsala. Karu biyu ce: akwai ta Babban Birnin Tarayya, akwai kuma ƙaramar hukumar Karu ta Jihar Nasarawa, jihar da aka ƙirƙiro a 1996, inda Mararaba da Masaka suke. Mahauci ko tela da ya rubuta "Karu" kawai, ana iya kai masa mai saye wancan ƙetare. Maganin abin shi ne cikakken adireshi: titi, unguwa, da sanannen wuri na kusa, kamar mayanka ko kasuwa.

'Yan'uwa mazauna Agege da Idi Araba a Ikko, da Sabo ta Badun, abin ya shafe su su ma. Mai neman kilishi ko shanun biki a Kudu galibi da Turanci yake nema, saboda haka ya kamata a rubuta sana'a da harsuna biyu, a sa lambar waya mai aiki da hotunan kaya na gaskiya. Rajistar shago a taswirar Google kyauta ce.

Sai kuma a yi hattara da masu yawo suna cewa a ba su kuɗi su sayo wa mutum matsayi na ɗaya. Abin da kamfanin ke sayarwa talla ce, ana kuma sa mata alama, ranar da kuɗi suka ƙare ta ɓace. Jerin da ke ƙarƙashinta ba na sayarwa ba ne. Ɗan kasuwa ya gyara bayaninsa, ya kyautata wa masu saye har su yabe shi a rubuce, sa'an nan ya yi haƙuri, gama kundin yakan ɗauki kwanaki ko makonni kafin ya san da sabon shafi.