Cincila, zomo da 'yan tsaki: abubuwan mamaki game da ƙananan dabbobi a doguwar tafiya

A tsaunukan Andis na ƙasar Cile akwai wata 'yar dabba da ake kira cincila. Dangin ɓera ce, ba ta kai zomo girma ba, ga manyan kunnuwa ga jela buzu-buzu. A kafar fata guda ta jikinta, gashi sama da 50 ke tsirowa. Wannan bargo da Allah Ya lulluɓe ta da shi don sanyin kan dutse, shi ke zame mata ajali a cikin mota. Ba ta yin gumi, kuma da zarar zafi ya haura digiri 27 ta shiga haɗari. A Zariya kuwa, ranar bazara a Maris da Afrilu kan zarce digiri 35 tun ba a shiga mota ba.

Tafiyar da ta fi shahara a tarihin cincila an yi ta ne a 1923. Wani injiniyan haƙar ma'adinai Ba'amurke, Mathias Chapman, ya samu cincila 11 ya nufi Kalifoniya da su. Bai sauko da su daga tsauni a rana ɗaya ba, sai da ya ɗauki watanni yana gangarowa sannu a hankali don jikinsu ya saba. A jirgin ruwa, da aka shiga yankin zafi, da ƙanƙara ya riƙa sanyaya kejinsu dare da rana. Galibin cincilar da ake kiwo a gidajen duniya yau daga tsatson waɗannan suka fito. Haƙurin mutumin nan yana burge ni ƙwarai.

Ba a yi wa cincila wanka da ruwa. Gashin ya yi kauri har ba ya bushewa da wuri, sai ciwon fata ya kama ta. A cikin lallausar ƙura mai kama da toka take birgima ta tsabtace jikinta. Shi ya sa masu kiwonta ke cire gorar ruwa daga keji idan mota na tafiya, don kada ta ɗiga ta jiƙa ta, sai an tsaya a ba ta ta sha.

Fanka ba ta yi mata amfanin kirki, tunda babu gumin da iska za ta busar. Abin da ake yi, a naɗe gorar ruwa mai ƙanƙara a tsumma a ajiye gefenta, ko a sa mata falalen dutse mai sanyi ta kwanta a kai.

In an cafke ta da ƙarfi, sai ta saki gashin wurin ta tsere, a bar mutum da dunƙulen gashi a hannu. Haƙoranta kuma ba sa daina tsiro, don haka kwali ba keji ba ne gare ta, gaigaye shi za ta yi.

Mu a Tudun Wadar Zariya, zomo da ɓeran Masar ne ke cikin wannan hali, kuma shi ɓeran Masar ɗin ma asalinsa daga Andis ne. Ba sabon abu ba ne a ga yaro ya sayo zomo, an cusa shi a kwali an ɗaure da igiya, an jefa a but kusa da buhun masara za a kai shi Kano. But ɗin mota wuri ne mara iska, ga zafin salansa na tasowa ta ƙasa. Kafin a kai Tashar Yari, sai a buɗe a tarar zomon ya miƙe samɓal, kunnuwa sun yi ja sun yi zafi, hanci ya jiƙe, yana numfashi sama-sama. Wannan abu yana damuna, domin maganinsa ba ya cin kuɗi: a huda akwatin ta kowane gefe, a shimfiɗa busasshiyar ciyawa, a ajiye shi a ƙasan kujera inda rana ba ta duka.

Ta kunne zomo ke fitar da zafin jikinsa. Jijiyoyin jini ne cike a ciki, shi ya sa shafa masa ɗan ruwa mai sanyi a kunne ke taimakonsa. Ɗaga shi ta kunne kuwa, kamar yadda da yawa suka saba, azaba ce. In ya yi harbi da ƙafafun baya yana reto, ƙashin bayansa na iya karyewa. A tallabe ƙirjinsa da hannu ɗaya, ɗaya hannun a ƙugu.

Zomo da cincila da ɓeran Masar duk ba sa iya yin amai. Saboda haka babu dalilin hana su abinci kafin tafiya, hasali ma yunwa na iya tsayar da hanjinsu cak. A bar musu ciyawa a gabansu tun daga gida har a sauka.

'Yan tsakin gidan gona su ne gwanayen tafiya. Ana ɗauko su daga Ibadan a kwalaye masu huji, a kwana ana gudu, su iso Arewa suna ta tsiwirwiri ba ci ba sha. Sirrin shi ne, gab da ƙyanƙyashe ɗan tsako kan shanye ragowar gwaiduwar ƙwai cikin cikinsa, ita ke riƙe shi har kusan kwana 3. Duk da haka zafi na kashe su, shi ya sa masu harkar suka fi son tafiyar dare.

Lokaci mafi haɗari ba gudun mota ba ne, tsayawa ce. An sauka cin abinci ko salla, an ja gilashi an kulle, cikin 'yan mintuna motar ta zama tanderu. A sauko da akwatin a kai shi inuwa.

Bayan an isa, a sa ido kan abu biyu: ci da kashi. Zomon da ya shafe awa 12 bai taɓa abinci ba kuma bai yi kashi ba, likita yake buƙata nan take. Ga asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, ga kuma cibiyar binciken kiwon dabbobi ta NAPRI a Shika, inda aka daɗe ana nazarin zomaye.